'Yan Taru: Tsari da Ayyukan Wata Ƙungiyar Mata a Daular Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Idan aka tashi ba da tarihin ƙungiyoyin mata a Arewacin Nijeriya, galibi akan fara ne daga zamanin neman mulkin kai. Akan ambaci reshen mata na jam'iyyar NEPU da gwagwarmayar Hajiya Gambo Sawaba, daga nan a gangaro kan Jam'iyyar Matan Arewa wadda aka kafa a Kaduna cikin 1963. Wannan ya sa ɗalibanmu da dama suka ɗauka cewa haɗuwar mata a ƙarƙashin shugabanci guda, da manufa guda, baƙon abu ne wanda ya shigo ƙasar nan tare da Turawa da ilmin boko. Alhali kuwa fiye da shekara 100 kafin a kafa ɗaya daga cikin waɗannan, akwai wata ƙungiya ta mata zalla a ƙasar Sakkwato, mai uwa a birni da wakilai a ƙauyuka, mai alamar muƙami da darussa da hanyar samun abin gudanarwa. Ita ce ƙungiyar 'Yan Taru, wadda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta kafa.

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Nana Asma'u ta fuskar malanta da waƙa. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu karkata ga ƙungiyar ita kanta, watau mu ga waɗanne irin mata ne 'ya'yanta, yaya aka tsara ta, kuma me take yi a tsakanin jama'a. Abin da muke son nunawa shi ne, daɗewar da 'Yan Taru ta yi, har ta tsallake rasuwar wadda ta kafa ta, ta kuma tsallake faɗuwar daular da aka kafa ta a ciki, ta samo asali ne daga yadda aka ɗinka ta daidai da rayuwar macen ƙauye. Za mu fara da halin da ƙasa take ciki a lokacin, sa'an nan tsari, sa'an nan ayyuka, daga ƙarshe mu auna ta da ƙungiyoyin da suka biyo baya.

2.0 Halin da Aka Kafa Ƙungiyar a Ciki

2.1 Matsayin Shehu Game da Ilmin Mata

Tun Shehu yana yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara mata suke halartar majalisinsa, abin da bai yi wa wasu malaman zamanin daɗi ba. Wajen 1786 wani malami mutumin Barno, Mustafa Goni, ya tari Shehu da wasu baitoci yana sukarsa a kan barin mata su zo wurin wa'azin da maza suke. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya mayar da jawabi, shi kuwa ya kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci, ba su san abin da ya wajaba a kansu ba, ya fi abin da ake gudu muni. Abdullahi ya kawo wannan labari a cikin Tazyinul Waraƙat. Har ila yau a cikin Nurul Albab Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da suke wuni suna karantar da almajiran waje, matansu da 'ya'yansu mata kuwa sun bar su ba su san ko hukuncin tsarki da salla ba.

A cikin irin wannan gida aka haifi Asma'u, a Ɗagel, cikin 1793. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta ga yunwa da gudun hijira da mace-macen farkon jihadi da idonta. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa.

2.2 Abin da Yaƙi Ya Bari

Jihadi ya ci nasara a fagen fama tun da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi cikin 1808, amma zaman lafiya bai samu nan da nan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙare yawancin zamaninsa ne yana tsaron iyaka da gina garuruwan ribaɗi irin su Wurno. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda rundunarsa ta karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ya bar zawarawa da marayu, ya kuma kawo ɗimbin mata da yara waɗanda aka kamo, aka rarraba su cikin gidaje da gandaye da sababbin garuruwa.

Waɗannan mata sun zo da al'adunsu, babba daga ciki kuwa ita ce bori. A Gobir bori yana da shugaba a fada, watau Inna, wadda akan naɗa daga cikin 'yan gidan sarauta. Tana da faɗa a ji a kan mata, kuma wurinta da wurin mabiyanta ake kai kukan ciwo da rashin haihuwa da sauran abin da ya dami mace. Wannan sarauta ta bi Gobirawa zuwa Tsibiri, garin da suka kafa bayan Gawakuke, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, kuma takwararta a Maraɗi ita ce Iya. To, macen da aka raba da garinsu da danginta, ga ciwo ga baƙunta, in ba a ba ta wani abin dogara ba, ba abin da zai hana ta komawa ga abin da ta sani.

Nan ne matsalar take. Namiji ana iya samunsa a masallaci ko kasuwa ko sansanin yaƙi a yi masa wa'azi. Macen ƙauye kuwa malami namiji ba ya isa gare ta, ga shi kuma a hannunta tarbiyyar 'ya'ya take. In aka bar iyaye mata a kan abin da suka gada, cikin zuriya ɗaya ko biyu sai a wayi gari abin da aka yi jihadi dominsa ya zama suna kawai. Saboda haka bai kamata mu ɗauki 'Yan Taru a matsayin aikin jinƙai tsantsa ba. Tana da fuskar siyasa, domin hanya ce ta shigar da jama'ar da aka ci da yaƙi cikin sabon tsari ba tare da takobi ba. A cikin wannan hali ne, a shekarun 1830, Asma'u ta fara jawo matan karkara zuwa gare ta, kuma zuwa wajen 1840 ƙungiya ta kafu.

3.0 Tsarin Ƙungiya

Sunan ƙungiyar daga kalmar taruwa ya fito, watau mata masu taruwa domin neman ilmi da aikin lada. Tsarinta hawa uku ne: uwa a birni, jaji a kowane gari, sa'an nan sauran 'ya'yan ƙungiya.

3.1 Uwar Ƙungiya

Cibiyar ƙungiya ita ce ɗakin Asma'u a gidan Waziri Giɗaɗo. Ita take karɓar masu zuwa, ita take karantarwa, ita take naɗa wakilai, har jama'a suka yi mata laƙabi da Uwargari. Ƙarfinta ya taru ne daga wurare biyu. Na farko ilminta, wanda manyan malamai maza suka shaida. Na biyu matsayinta na 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, kuma matar Waziri. Wannan na biyu ba abin rainawa ba ne, domin shi ya sa maigida a ƙauye ba zai ji nauyin barin mahaifiyarsa ko 'yarsa ta kama hanyar birni ba. Zuwa wurin 'yar Shehu neman albarka ne, kuma da wuya a sami wanda zai fito fili ya hana.

3.2 Jaji

Jaji ita ce ginshiƙin ƙungiya. Kalmar daga harshen fatake aka aro ta, inda jaji yake nufin mai jan ayari. Akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garinsu suke ganin girmanta, a kawo ta gaban Asma'u. Ita kuma sai ta ba ta malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai kamar rawani. Daga ranar nan ta zama wakiliyar uwa a garinsu.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan wannan malfa, domin a cikinta hikimar tsarin take. Malfa tufar maza ce, ta matafiya da mahaya. Macen da aka sani da sanya ta a Gobir ita ce Inna, shugabar bori. Ke nan duk macen Gobir da ta hango wata mace da malfa, ba ta bukatar a gaya mata cewa ga shugaba nan tafe. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka saba girmamawa, ta ɗora ta a kan malama, ta kuma haɗa ta da rawani, wanda yake alamar malanta da muƙami a sabuwar daula. Da ta zo da wata alama baƙuwa, da sai ta yi shekaru tana koya wa mutane ma'anarta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da aka yi ke nan: an bar tulun da aka sani, an sauya abin da ke ciki.

3.3 'Ya'yan Ƙungiya

Masu tafiya zuwa birni kashi biyu ne: 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, da mata waɗanda suka manyanta, suka gama haihuwa da reno. Matan da ke tsakiyar shekarun aure, masu ciki da goyo da aikin gida, ba a ɗora musu tafiya ba. Suna zaune a ɗakunansu, karatu yana iske su ta bakin jaji da sauran waɗanda suka je suka dawo.

Wannan rabo ya warware matsaloli da yawa a lokaci guda. Bai taɓa kulle ba, saboda haka bai jawo rigima da mazaje ko malamai ba. Ya yi amfani da 'yancin da al'ada ta riga ta ba tsohuwa na shiga kowane gida ba tare da shamaki ba. Ya kuma kama yarinya tun tana ɗanya, ta yadda in ta yi aure za ta shiga gidan miji da abin da ta haddace, in ta tsufa kuma ta koma cikin ayari, watakila ma ita ce jajin gobe. Ta haka ƙungiya take sabunta kanta ba tare da an yi shelar neman 'ya'ya ba.

Tilas ne kuma mu tuna cewa matan Hausa ba su kasance a warwatse ba kafin wannan. Suna da ƙawance, da biki, watau musayar gudummawa a lokacin aure da suna, da kuma adashi, kamar yadda ake gani a labarin rayuwar Baba ta Karo wanda Mary Smith ta wallafa cikin 1954. Abin da 'Yan Taru ta ƙara a kan waɗannan shi ne ta ƙulla gari da gari, ta kuma ƙulla su duka da cibiya guda.

4.0 Ayyukan Ƙungiya

4.1 Tafiya

Idan lokacin ziyara ya yi, jaji takan tara matan garinsu, kowacce ta ɗaure ƙunshinta, a kama hanya da ƙafa, ita tana gaba da malfarta. Wasu tafiyar wuni ce, wasu ta kwanaki, cikin daji mai namun dawa da 'yan hari. Nauyin jaji ne ta san hanya da zango, ta tsare mutuncin 'yan matan da aka ba ta amana, ta komo da su lafiya. A kan hanya sukan riƙa rera waƙoƙin da suka koya, wanda ya zama tilawa gare su, ya kuma zama shela ga garuruwan da suke ratsawa.

Tafiyar kanta makaranta ce. Yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba, sai ga ta ta ga birni, ta ziyarci Hubbaren Shehu, ta zauna da matan wasu garuruwa, Fulani da Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa, 'ya'ya da bayi, duk a gaban malama ɗaya. A ƙasar da ba a daɗe da ajiye makamai ba, wannan cuɗanya tana da amfanin da ya wuce karatu.

4.2 Karatu

Yawancin masu zuwa ba su iya karatu ba, ba su kuma jin Larabci, da yawansu ma ba su jin Fulatanci. Wannan ne ya sa Asma'u ta mai da hankali ga waƙa da Hausa. Waƙa ba ta bukatar takarda a hannun ɗaliba. Ana iya rera ta ana kaɗi ko daka ko ɗiban ruwa, kuma ma'auninta da amsa-amonta suna tsare ta daga ɓacewa. Jaji takan zauna ta haddace, ta ji bayani, sa'an nan ta koma gida ta bi ɗaki ɗaki tana maimaitawa.

Idan muka jera waƙoƙin da aka yi amfani da su, za mu ga suna da kamannin manhaja. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci kimanin 30, wadda ta fara yi da Fulatanci, daga baya ta mayar da ita Hausa wajen 1838, daidai lokacin da ƙungiya take kafuwa. Akwai Tabbat Haƙiƙa, waƙar Shehu ta Fulatanci, wadda Asma'u ta mayar Hausa cikin 1831, mai gargaɗi ga mai mulki da talaka a kan zalunci da cin amana. Akwai Gadaben Gaskiya, mai bayanin shika-shikan addini da sakamakon Lahira. Akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta 1837, wadda ta gina a kan wani littafi na Muhammadu Bello, inda ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta haɗa da malamai mata na jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu. Akwai kuma Waƙar Gewaye, mai ba da tarihin Shehu da jihadi, wadda ƙanenta Isan Kware ya mayar Hausa.

Waƙar mata masu albarka ta cancanci a dube ta da kyau. Macen da ta saba kiran sunayen iskoki in ta shiga wuya, yanzu an ba ta jerin wasu sunaye, na mata 'yan'uwanta, da za ta yi koyi da su, ta kuma yi tawassuli da su. Haka nan cikin 1839 Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, ciki har da abin da ya shafi ciki da haihuwa da ciwon yara. Wannan littafi na masu ilmi ne, amma abin da ke cikinsa ya sauko ga talakawa ta hannun malamai. Dabarar a nan ita ce dabarar malfa. Ba a tsaya ga hana mace zuwa wurin 'yan bori ba, sai da aka nuna mata wata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

4.3 Hidimar Jama'a

Hanya mafi kyau ta sanin abin da ake bukata ga 'yar taru ita ce duba marsiyyoyin da Asma'u ta yi wa mata. Abin lura ne cewa matar da ta yi wa Sarkin Musulmi Bello da Waziri Giɗaɗo marsiyya, ita ce kuma ta yi wa matan da ba su da sarauta ko dukiya. Wajen 1857 ta yi wa wata mai suna Zaharatu, ta yabe ta da karantar da mata, da zuwa karɓar haihuwa, da wankan gawa a duk lokacin da aka kira ta. Bayan wannan da kaɗan ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, ta tuna yadda take jawo ayarin mata zuwa gare ta, suna ɗauke da sadakarsu saboda Allah.

Daga waɗannan, da kuma abin da masu bincike suka tarar a ƙauyukan Sakkwato a ƙarni na 20, za mu iya cewa aikin 'yar taru a garinsu ya haɗa da koya wa mata alwala da salla da hukuncin azumi, da jinyar marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sharar masallaci, da kula da tsofaffin da ba su da kowa, da sulhunta mata in sun sami saɓani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo ga dattijuwar ƙauye. Abin da ƙungiya ta yi shi ne ta ba aikin suna da daraja, ta mai da shi ibada, ta kuma sa aka san ƙofar wadda za a buga in bukata ta taso da tsakar dare.

4.4 Abin Gudanarwa

Ƙungiyar ba ta dogara ga baitulmali ba. Masu zuwa su suke kawo abin da ya sawwaƙa daga sana'arsu: hatsi, zuma, man shanu, zare, ƙyalle. Wadda ba ta sami zuwa ba takan ba da nata saƙon a hannun jaji, ta haka ita ma tana cikin tafiyar ko da ba ta taka ƙafa ba. Abin da ya taru kuwa ba ya zama a gidan Waziri, akan raba shi ga makafi da guragu da marayu da sauran mabukata. Ke nan macen ƙauye ba ta zo birni a matsayin mai roƙo ba. Ta kawo abin hannunta, ta koma da ilmi, kuma wannan musaya ita ta sa take ganin ƙungiyar tata ce.

5.0 Bayan Asma'u

Nana Asma'u ta rasu cikin 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙungiyoyi da yawa a nan suke ƙarewa, amma 'Yan Taru ta ci gaba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta zauna a Kano tana auren Sarki Ibrahim Dabo kafin ta komo gida bayan rasuwarsa a 1846, ita ta karɓi ragama. Bayanta kuma Tamodi, jikar Shehu, ta ɗauka. Daga nan shugabanci ya ci gaba a hannun malamai mata na zuriyar, waɗanda akan kira da laƙabin Modibbo.

A ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sun sa hannu a sarauta da shari'a da haraji, amma ayarin tsofaffi da 'yan mata masu zuwa ziyara bai ja hankalinsu ba. Lokacin da gwamnati ta buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina cikin 1930, ta yi haka ne bisa zaton cewa a fili fetal take gini. Ba a nemi jaji ba, ba a tambayi abin da mata suka riga suka haddace ba, kuma waɗannan makarantu sun daɗe ba su wuce 'ya'yan sarakuna da na ma'aikata ba. A daidai wannan lokaci kuwa matan karkara suna nan suna zuwa Hubbare da Wurno kamar yadda kakanninsu suka yi.

Sanin da duniyar boko ta yi wa wannan tarihi ya zo ne ta hannun Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, jinin Giɗaɗo da Asma'u, wanda ya adana rubuce-rubucen gidan. Shi ya buɗe wa Jean Boyd taskarsa. Ita kuma ta bi ƙauyuka a shekarun 1970 da 1980, ta tarar da jajoji da malfunansu suna jan ayari, ta wallafa tarihin Asma'u cikin 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta cikin 1997. Ta dalilin waɗannan littattafai har wasu mata Musulmi a Amurka suka ɗauki sunan 'Yan Taru da muƙamin jaji suka tsara nasu karatun.

6.0 Awo da Ƙungiyoyin Zamani

Ba adalci ba ne mu yabi 'Yan Taru ba tare da faɗin iyakarta ba. Shugabancinta na ƙoli bai fita daga gidan Shehu ba, saboda haka macen ƙauye, kome ilminta, jaji ce iyakarta. Ƙarfinta ya fi yawa a inda ƙafa take iya kaiwa Sakkwato da Wurno. Karatunta ya fi dogara ga hadda, bai mai da yawancin 'ya'yanta masu rubutu ba. Daɗin daɗawa, ba ta tashi domin sauya matsayin mace a shari'a ko mulki ba, ba ta kuma ƙalubalanci bautar da ta kawo da yawa daga cikin ɗalibanta ba.

Waɗannan gurabu su ne ƙungiyoyin ƙarni na 20 suka shiga. Matan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano cikin 1950, sun nemi ƙuri'a ga mace, har Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kai, ko da yake matan Arewa ba su sami jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Jam'iyyar Matan Arewa, wadda Hajiya Laila Dogonyaro take cikin waɗanda suka kafa ta, ta buɗe makaranta da gidan marayu a Kaduna. Tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, watau FOMWAN, wadda aka kafa a Minna cikin 1985 da Hajiya Aisha Lemu a matsayin Amira ta farko, ta gina makarantu da asibitoci a jihohi da dama. Waɗannan suna da tsarin mulki a rubuce, suna zaɓen shugabanni, sun kuma kai inda 'Yan Taru ba ta kai ba.

Duk da haka akwai abin da ta fi su. Galibin ƙungiyoyin zamani a birni aka haife su, a hannun matan da suka yi boko ko matan manyan ma'aikata, daga baya suke neman hanyar sauka ƙauye. Taronsu yana bukatar zaure da takarda da kuɗin mota, wani lokaci har da Turanci. Da yawa kuma suna rayuwa ne a kan tallafin gwamnati ko na ƙasashen waje, ta yadda in gwamnati ta sauya ko tallafi ya yanke sai aiki ya tsaya. 'Yan Taru kuwa wakiliyarta 'yar garin ce, a nan ta yi aure, a nan za a rufe ta. Harshenta shi ne na tsakar gida, abin gudanarwarta kuma daga rumbun 'ya'yanta yake fitowa. Wanda bai ba ka ba, ba shi da abin da zai janye.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa 'Yan Taru ƙungiya ce cikakkiya, wadda ta tashi domin warware wata matsala ta zamaninta, watau yadda za a isa ga matan karkara bayan shekaru 30 na yaƙi. Mun ga cewa ta ari muƙamin jaji daga fatake, ta ari malfa daga Innar Gobir, ta raba aiki bisa shekarun mace, ta sa darasi cikin waƙar Hausa, ta kuma ciyar da kanta da sadakar 'ya'yanta. Waɗannan su suka riƙe ta bayan 1864 da bayan 1903.

Muna da shawara biyu. Ta farko ga sassan Hausa da na Tarihi a kwalejojin ilmi da jami'o'i, musamman na Sakkwato da Kabi da Zamfara: a tura ɗalibai mata garuruwansu su ɗauko sunayen jajojin da aka yi, da hanyoyin da suka bi, da waƙoƙin da tsofaffi suke riƙe da su, domin tarihin da ke hannu ya fi ba da labarin uwa a birni bisa ga na wakilanta. Ta biyu ga hukumomin yaƙi da jahilci da na kiwon lafiya, da su kansu ƙungiyoyin mata: kafin a aika baƙuwa daga birni da allo da alli, a fara tambaya a garin, wace dattijuwa ce ake bugun ƙofarta in haihuwa ta zo da gardama ko in an yi rasuwa. Da ita ya kamata a fara magana.